Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya: Yadda Tsarin Mulkin Nijeriya Ya Raba Musu Iko

Gabatarwa

Kalmar "majalisa" tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Daga Larabci ya aro ta, kuma tun kafin zuwan Turawa ya san majalisar sarki, inda Waziri da Galadima da Madaki da sauran manyan fada suke zama su ba sarki shawara. Ko da yake a cikinsu akwai masu zaɓen sarki idan gadon sarauta ya faɗi, da zarar an naɗa shi maganarsa ce ta ƙarshe a yawancin al'amura. Da aka zo laƙaba wa hukumomin mulkin zamani sunaye da Hausa, sai aka ɗora wannan tsohuwar kalma a kan wani abu wanda bai yi kama da majalisar sarki ba sai a suna. Watakila wannan yana cikin dalilan da suka sa mutane da yawa, har da waɗansu masu ilmi, suke ɗaukar shugaban ƙasa tamkar sarki, 'yan majalisa kuwa tamkar fadawansa.

Wannan maƙala za ta duba yadda tsarin mulkin Nijeriya na 1979, da na 1999 wanda ya gaje shi, suka shirya waɗannan hukumomi biyu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, da gangan aka ƙulla su ta yadda babu wani babban aiki na mulki da ɗayansu zai iya kammalawa ba tare da hannun ɗayan ba, kuma ƙarfin wannan ƙulli ya dogara ne ga bin ƙa'idojin da aka rubuta filla-filla, musamman ƙa'idojin ƙidayar ƙuri'a a cikin majalisa.

Dalilin barin tsarin Ingila

Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960 a kan tsari irin na Ingila. A wannan tsari Firayim Minista da ministocinsa duk 'yan majalisa ne, a cikinta suke zama, kuma ranar da suka rasa goyon bayan mafi yawan wakilai ranar gwamnatinsu ta faɗi. Daga 1963, da ƙasar ta zama jamhuriya, Dokta Nnamdi Azikiwe ya riƙe muƙamin shugaban ƙasa, amma ragamar mulki tana hannun Firayim Minista, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Balewa. Bayan zaɓen Disamba 1964, wanda jam'iyyun haɗin gwiwar UPGA suka ƙaurace wa a wurare da dama, Azikiwe ya yi 'yan kwanaki yana ƙin kiran Tafawa Balewa ya kafa gwamnati, har ƙasar ta shiga sabuwar shekara ba a san wanda yake da ikon ba sojoji umurni ba. An sasanta a farkon Janairu 1965, amma darasin bai ɓace ba.

Saboda haka lokacin da Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon tsarin mulki a watan Oktoba 1975, a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, sai hankali ya karkata ga tsarin Amurka. Mutum 49 ne suka yi aikin. Bayansu wata majalisar mahawara a ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma ta tattauna daftarin daga 1977 zuwa 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta yi masa waɗansu gyare-gyare, ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1979. Hujjar da ta rinjaya ita ce ƙasa mai ƙabilu da yawa tana bukatar shugaba guda wanda ƙasar duka ta zaɓa. Shi ya sa aka shardanta cewa bayan samun ƙuri'u mafi yawa, dole ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na jihohi. Wannan sharaɗi ne ya haifar da shahararriyar gardamar nan ta 1979 a kan ko nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Satumba na shekarar, ta tabbatar wa Alhaji Shehu Shagari kujerarsa.

To amma wanda ya tara iko mai yawa a hannun mutum guda dole ya tanadi linzami. Linzamin da masu rubuta tsarin mulkin Amurka suka tanada a Filadelfiya a 1787, bisa tunanin masanin nan na Faransa Montesquieu, shi ne raba iko gida uku, watau na yin doka, da na zartar da ita, da na yin shari'a. Shi aka kwaso.

Siffar majalisar

Majalisar Tarayya zaure biyu ce. Majalisar Dattijai tana wakiltar jihohi daidai wa daida, ba tare da la'akari da yawan jama'a ba. A 1979 kowace jiha daga cikin 19 tana da dattijai 5, jimla 95. A tsarin 1999 kowace jiha daga cikin 36 tana da 3, Abuja tana da 1, jimla 109. Ke nan Bayelsa da Kano bakinsu ɗaya a wannan zaure. Majalisar Wakilai kuwa bisa yawan jama'a aka raba kujerunta, waɗanda tsarin 1999 ya ƙayyade 360. Kano da Legas kowace tana da 24, Bayelsa tana da 5.

Akwai wurare biyu da aka saɓa wa Amurka waɗanda suka cancanci a lura da su. A can, mataimakin shugaban ƙasa shi ne shugaban Majalisar Dattijai, a nan kuwa dattijai su ne suke zaɓen shugabansu daga cikinsu. Sa'an nan a can wakilai shekara 2 suke yi, dattijai shekara 6, ana sabunta sulusinsu duk bayan shekara 2, ta yadda jama'a suna iya sauya wa shugaba majalisa a tsakiyar wa'adinsa. A Nijeriya shugaba da zaurukan biyu duk shekara 4 suke yi, kuma lokaci guda ake zaɓensu, don haka guguwar da ta kawo shugaba takan kawo 'yan jam'iyyarsa tare da shi.

Shugaban ƙasa ba ɗan majalisa ba ne, ba ya da ikon rushe ta, ita ma ba ta iya kayar da shi don kawai ta daina goyon bayansa. Ɗan majalisar da aka naɗa minista kuwa ya bar kujerarsa ke nan daga ranar da ya yi rantsuwa.

Inda hannayen biyu suke haɗuwa

Doka daga majalisa take fitowa. Dole kowane zaure ya amince da shirin doka, kuma da kalmomi iri ɗaya, kafin a miƙa wa shugaba. Sashe na 58 na tsarin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana ƙin amincewarsa. In ya ƙi, majalisa tana iya tsallake shi idan kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka sake amincewa. Ba kasafai hakan yake faruwa ba, amma ya faru a watan Yuni 2000, lokacin da majalisa ta tabbatar da dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta ba tare da sa hannun Shugaba Obasanjo ba. A 2018 kuwa Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da shirin gyaran dokar zaɓe fiye da sau ɗaya, majalisa ba ta iya tara adadin da za ta tsallake shi ba, aka yi zaɓen 2019 da tsohuwar doka.

Haka abin yake wajen naɗe-naɗe. Shugaba ne yake zaɓen ministoci, aƙalla ɗaya daga kowace jiha, amma sai Majalisar Dattijai ta tantance su, haka ma jakadu, da Alƙalin Alƙalan ƙasa, da alƙalan Kotun Ƙoli, da shugaban hukumar zaɓe. Dattijai sun ƙi amincewa da Ibrahim Magu a matsayin shugaban hukumar EFCC a Disamba 2016 da kuma Maris 2017. Abin lura shi ne shugaba ya bar shi yana riƙon muƙamin har 2020, wanda ya nuna akwai kafar da tsarin mulkin bai toshe ba.

Shugaba shi ne babban kwamandan askarawan ƙasa, duk da haka ba zai ƙaddamar da yaƙi da wata ƙasa ba sai zaurukan biyu sun zauna tare sun amince, kuma ba zai tura soja fagen fama a ƙetare ba sai da yardar dattijai, in ban da halin gaggawa, inda aka ba shi kwana 7 ya nemi yardarsu bayan an soma fafatawa. Mutanen kan iyakar Arewa sun ga amfanin wannan sashe a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya rubuta wa dattijai game da matakan ƙungiyar ECOWAS, su kuma suka ba da shawarar a bi hanyar sulhu maimakon ƙarfin soja.

Amma mafi girman ikon majalisa yana wajen kuɗi. Duk kuɗin shigar gwamnatin tarayya baitulmali guda suke shiga, kuma ba a fitar da ko kwabo sai bisa dokar kasafi. Shugaba ne yake tsara kasafin ya gabatar, majalisa ta duba ta zartar. Shekara da shekaru ana jayayya a kan ko majalisa tana da ikon ƙara kuɗi da cusa sababbin ayyuka, ko kuwa ragewa kawai za ta iya. Jayayyar takan jawo jinkiri: kasafin 2017 da na 2018 duk sai a watan Yuni aka sa musu hannu, rabin shekara ta wuce. Abin da yake rage wa majalisa kaifi a nan shi ne sashe na 82, wanda ya yarda shugaba ya ci gaba da kashe kuɗi har wata 6 bisa ma'aunin kasafin bara. A Amurka babu irin wannan sassauci, shi ya sa can ofisoshin gwamnati sukan rufe in majalisa ta ƙi sakin kuɗi.

Shari'ar Bendel ta 1981

Babu abin da ya fi bayyana yadda wannan tsari yake aiki kamar abin da ya faru a shekara ta biyu ta mulkin Shagari. Jam'iyyarsa ta NPN ba ta sami rinjaye a ko wane zaure ba. A Majalisar Dattijai tana da 36 cikin 95, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP 7. A Majalisar Wakilai tana da 168 cikin 449. A tsarin Ingila wannan yana nufin ba za ta iya kafa gwamnati ita kaɗai ba. A sabon tsari shugaba ya hau kujerarsa daram, amma ba ya da tabbacin ko ministocinsa za su tsallake tantancewa. Dole ta sa NPN ta ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba NPP waɗansu kujerun ministoci, Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakakin Majalisar Wakilai, Dokta Joseph Wayas na NPN ya zama shugaban Majalisar Dattijai. Yarjejeniyar ba ta wuce tsakiyar 1981 ba.

Ana cikin wannan hali shugaba ya gabatar da shirin dokar rabon arzikin ƙasa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, bayan rahoton kwamitin Dokta Pius Okigbo. Zaurukan biyu suka saɓa. Dattijai suka ba gwamnatin tarayya kaso mai tsoka, wakilai suka rage mata suka ƙara wa jihohi. Bisa tanadin tsarin mulki sai aka kira kwamitin haɗin gwiwa na harkokin kuɗi, mai mutum 24, watau 12 daga kowane zaure. Kwamitin ya jefa ƙuri'a, 13 suka goyi bayan matsayin dattijai, 11 suka ƙi. Maimakon a mayar da abin da kwamitin ya yanke gaban zaurukan biyu, sai aka wuce da shi kai tsaye wurin shugaba, ya sa hannu a farkon 1981.

Gwamnatin Jihar Bendel, a ƙarƙashin Farfesa Ambrose Alli na UPN, ta kai ƙara Kotun Ƙoli. A watan Oktoba 1981 kotun, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Atanda Fatai-Williams, ta soke dokar ɗungurungum. Hujjarta ita ce ikon yin doka na Majalisar Tarayya ne, kuma ba za ta iya miƙa shi ga wani kwamiti nata ba; aikin kwamiti shi ne ya sasanta, sa'an nan ya komo da sakamakon gaban waɗanda suka aike shi. Dole aka koma aka sake sabuwar doka.

Ya kamata a lura da abin da kotun ba ta taɓa ba. Ba ta ce kason da aka ba jihohi ya yi kaɗan ba, ko na tarayya ya yi yawa, domin wannan magana ce ta siyasa. Abin da ta duba kawai shi ne hanyar da aka bi. Mutum 13 sun yanke hukunci a madadin mutum 544, kuma sa hannun shugaba bai isa ya wanke wannan aibi ba. Idan aka tuna cewa a lokacin tsarin shekara biyu kacal ya yi, kuma ƙasar ta fito ne daga shekara 13 na mulkin soja inda sa hannun mutum guda yake zama doka, za a ga girman wannan hukunci.

Tsigewa da maye gurbi

Makami na ƙarshe a hannun majalisa shi ne tsige shugaba, kuma an tsaurara hanyarsa ƙwarai. Sashe na 143 ya ce sai sulusin dukan 'yan majalisa sun sa hannu a takardar zargi, sa'an nan kashi biyu cikin uku na kowane zaure su yarda a yi bincike, sa'an nan Alƙalin Alƙalai ya naɗa mutum 7 waɗanda ba 'yan siyasa ba su bincika cikin wata 3, sa'an nan kashi biyu cikin uku na kowane zaure su amince da rahoton. Ba a taɓa tsige shugaban Nijeriya ba. An yi barazana mai ƙarfi a watan Agusta 2002, lokacin da Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Alhaji Ghali Umar Na'Abba ta ba Obasanjo wa'adin mako biyu ya sauka, amma aka sasanta. A jiha kam an yi: majalisar Kaduna, wadda NPN ta rinjaya, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, ta kuma tsige shi ran 23 ga Yuni 1981. Wannan ya nuna makamin yana iya zama na ramuwar siyasa idan rinjaye ya yi yawa a gefe guda.

Sau biyu majalisa ta tsaya a kan al'amarin da ya shafi kujerar shugaba kanta. Ran 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattijai a ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da shirin gyaran tsarin mulki wanda zai buɗe ƙofar wa'adi na uku. Ran 9 ga Fabrairu 2010 kuma, bayan Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shafe fiye da wata biyu yana jinya a Saudiyya ba tare da ya aiko da takardar miƙa mulki ba, majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi bisa hujjar lalura. Masana shari'a sun yi saɓani a kan halascin matakin, abin da ya sa aka gyara sashe na 145 a shekarar, aka ba majalisa ikon yin haka a fili idan kwana 21 suka wuce babu takarda.

Me ya sa ma'aunin yake rinjaya wajen shugaba

Duk da waɗannan tanade-tanade, wanda ya dubi tarihi zai ga shugaba ya fi yawan rinjaye. Dalili na farko tarihi ne. Duk juyin mulkin soja majalisa yake fara rushewa, amma ma'aikatu da kotuna su ci gaba da aiki. Daga 1966 zuwa 1979 babu majalisa, haka daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, in ban da ɗan zaman da aka yi daga Disamba 1992 zuwa Nuwamba 1993 a ƙarƙashin inuwar soja. Saboda haka ɓangaren zartarwa ya tara gogewa da ma'aikata da al'adar ba da umurni, majalisa kuwa kullum daga farko take somawa. Har yanzu kowane zaɓe yakan zubar da mafi yawan tsofaffin 'yan majalisa, sababbi su zo su fara koyon aiki.

Dalili na biyu shi ne jam'iyya. Shugaba da gwamnoni suna da babban tasiri a kan wanda zai sami tikitin takara, ɗan majalisar da yake son komawa kuwa ya san haka. Wannan ne ya sa zaɓen shugabannin majalisa ya zama fagen daga. Daga 1999 zuwa 2007 mutum 5 ne suka shugabanci Majalisar Dattijai: Evan Enwerem, da Chuba Okadigbo, da Anyim Pius Anyim, da Adolphus Wabara, da Ken Nnamani. A 2011 Aminu Waziri Tambuwal ya zama kakaki ba da son jam'iyyarsa ba, haka Bukola Saraki da Yakubu Dogara a 2015, kuma a waɗannan lokuta ne aka fi ganin majalisa tana ja da fadar shugaba. Ba a nufin cewa duk ja-in-ja alheri ne. Wani lokaci kare haƙƙin jama'a ne, wani lokaci kuwa ciniki ne kawai a kan ayyukan mazaɓu.

Dalili na uku yana komawa ga batun ƙidaya. Tsarin mulki ya ambaci "kashi biyu cikin uku" a wurare da dama, domin ya tilasta wa mai neman babban iko ya nemi yardar waɗanda ba 'yan gidansa ba. Sashe na 305 ya shardanta wannan adadi na dukan 'yan kowane zaure kafin dokar ta-ɓaci ta tabbata. A watan Maris 2025, da Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ya kuma dakatar da gwamna da majalisar jihar na wata 6, zaurukan biyu sun amince ne ta hanyar ɗaga murya, masu cewa "e" da masu cewa "a'a". Lauyoyi da 'yan adawa da dama sun soki wannan, suna cewa kunne ba ya iya tantance ko dattijai 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360 sun amince, sai an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya an rubuta sunayensu.